Wa Ya Fara Cin Amanar Ganga?

A wani biki a Batsari na ga tsofaffin makaɗa biyu, waɗanda suka shekara da shekaru suna kiɗan noma har ƙasar Safana, sun jingine ganga sun rungumi fiyano domin samari su yi musu liƙi. Nan take na yanke musu hukuncin cin amanar gado. Daga baya na tuhumi kaina: tun da 'yan bindiga suka kashe gayya a ƙauyukanmu, wa ya kai musu ko dami guda? Mamman Shata ya riƙe kalangu har rasuwarsa a 1999 domin jama'a sun riƙe shi. In amana aka ci, mu muka fara. Ni kaina ranar aurena DJ na ɗauko.