Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A garuruwanmu na Kudancin Kaduna, daga Kafanchan zuwa Kagoro da Zonkwa da Kwoi, da zarar aure ya shekara biyu ba a ji kukan jariri ba, sai idon dangi ya koma kan matar. Ita ake kai wa sassaƙe da saiwoyi, ita ake turawa wurin malam ko fasto, ita ce kuma ake kira juya a bayan idonta. In duk wannan ya gaza, sai a tuna da asibiti. Tambayar da muke son dubawa ita ce: wane shiri ne ya wajaba a kan ma'aurata kafin su taka ƙofar likita?

Matsalar ba ta wani yanki ba ce. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na balagaggu kan gamu da rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. A wurin likitoci, shekara guda ta zaman aure ba tare da juna biyu ba ta isa dalilin bincike, kuma a kusan rabin irin waɗannan gidaje akwai hannun namiji a ciki.

To, a nan ne maganar adalci ta shigo. Gwajin maniyyi ba shi da tsada kuma ba shi da zafi; abin da ake nema kawai shi ne miji ya ƙaurace wa iyalinsa na kwana biyu zuwa bakwai. Ita kuwa mace sai an ɗebi jininta a wasu ranaku na al'adarta, a duba mahaifa ko da ƙari, sannan a tura wani ruwa a ɗauki hoto don ganin ko hanyoyin ƙwai sun toshe, abin da kan biyo bayan cutar sanyi ko haihuwar da ba a kula da ita ba. Gwajin nan na ƙarshe yana da ciwo. Mijin da ya bar matarsa ta sha wannan wahala alhali shi ya ƙi ba da 'yar kwalba guda, ya riga ya yanke mata hukunci tun ba a saurari shaida ba. Mun san dalilin nokewarsa, wato tsoron a ce shi ba namiji ba ne. Amma kuzari daban, ƙwayar haihuwa daban.

Wasu sukan dace da ƙwayoyin magani ko ƙaramar tiyata. Wasu kuma sai an kai ga haɗa ƙwan mace da maniyyin miji a ɗakin gwaji, dabarar da aka fara haihuwa da ita a Ingila a 1978, aka kuma haifi jaririya ta hanyarta a asibitin Nisa da ke Abuja a 1998. Mutumin Kafanchan da aka tura wannan mataki ya shirya wa zirga-zirga zuwa babban birni, da allurar kullum ta kusan kwana goma zuwa sha huɗu, da ciro ƙwai, da dasa shi bayan kwana uku ko biyar, sannan zaman jiran mako biyu. Ko ga mace 'yar ƙasa da shekara 35, yawancin gwajin farko ba ya ƙarewa da goyo, bayan 40 kuwa damar takan ragu ƙwarai. Kuɗin zagaye guda miliyoyin naira ne.

Saboda haka muke ganin shiri mafi wuya shi ne a tsayar da iyaka tun kafin allurar farko: sau nawa za a gwada, me za a sayar, me ba za a taɓa ba. Manomin citta na Kachia ko Jaba da ya ga yadda annoba ta cinye gonaki a 2023 ya san ba a jingina dukan gida a kan damina ɗaya. Wani zai ce sa iyaka raunin imani ne. Mu ba mu ga haka ba. Ranar da sakamako ya zo babu ciki, zuciya ba ta lissafi, kuma a irin wannan rana ce ake sayar da gonar gado.

Akwai kuma iyakar addini, wadda ya kamata a tambaya tun a gida. Fatawar Shehu Jadul Haƙƙi ta Masar a 1980 ta halatta dabarar tsakanin miji da matarsa, ta haramta karɓar ƙwai ko maniyyin wani. Cocin Katolika kuwa ta ƙi amincewa da ita a takardarta ta 1987. Likita zai tambaya ƙwai nawa za a dasa, domin dasa da yawa na kawo tagwaye da haɗarin bakwaini, zai kuma tambaya yadda za a yi da ragowar da aka daskarar.

Tambaya guda ce ba ta cikin takardar da asibiti ke bayarwa a sa hannu, ita ce kuma matar ke kwana da ita: in an yi duk wannan ba a dace ba, shin tana nan a ɗakinta? Miji ne kaɗai ke da amsar, kuma gara ta ji ta daga bakinsa kafin su shiga motar Abuja.