IN AN RABA GANDU, RIJIYAR FA?

Tun ranar da a ka ji Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS, gardama ba ta mutu ba a nan Gude. In ka zauna gindin itace da la'asar za ka ji ta. In ka shiga mota zuwa Gwarzo ko Kabo, ita ce hirar fasinja. Wani ya ce, "Sun yi daidai, gara ka ci tuwonka ba miya da ka ci da nama ana yi maka gori." Wani ya amsa, "Kai dai ba ka kwana da yunwa ba tukuna, shi ya sa." Daga nan sai murya ta tashi, kowa ya tafi gida da nasa ra'ayi.

Ya mai karatu, ba na so in ƙara wa wutan nan kara. Tambaya ɗaya na ke so mu duba tare. In mutum ya ga an ƙware shi cikin tarayya, yana da iko ya fita? In kuwa ya fita, mene ne ya rage tsakaninsa da waɗanda ya bari?

Abin da ya faru

Bari mu fara da labarin, gama da yawa cikin masu gardama ba su san tushensa ba. An kafa ECOWAS a Legas ran 28 ga Mayu 1975. Janar Yakubu Gowon na Nijeriya da Janar Eyadema na Togo su ne su ka fi yin ɗawainiyarta. Nufin shi ne ƙasashen Afirka ta Yamma su yi ciniki da juna a sauƙaƙe. A 1979 a ka yarda mutumin kowace ƙasa ta ƙungiyar ya shiga wata ba da biza ba, ya zauna har kwana 90.

Ran 26 ga Yuli 2023 soja su ka tuɓe Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai, Janar Abdourahamane Tiani ya hau. Bayan kwana huɗu shugabannin ECOWAS su ka taru a Abuja, su ka rufe iyaka da Nijar, su ka tsai da ciniki, su ka ce in ba a mai da Bazoum cikin mako ɗaya ba za a iya kai yaƙi. Nijeriya kuma ta yanke wutar lantarki da ta ke ba Nijar, ita ce kuwa mafi yawan wutar da ƙasan nan ke sha. Sai Nijar da Mali da Burkina Faso, dukansu a hannun soja, su ka ɗaura tasu ƙungiya a Satumba. Ran 28 ga Janairu 2024 su ka ce sun fita daga ECOWAS. Gowon da kansa, yana tsoho, ya roƙi ɓangaren nan biyu su sassauta. Ran 24 ga Fabrairu a ka janye takunkumi, a Maris a ka buɗe iyaka, amma ba su komo ba. Fitarsu ta tabbata ran 29 ga Janairu 2025. Ƙungiya mai ƙasa 15 ta koma 12.

Misalin gandu

Mu mutanen karkara ba sai an kai mu makaranta kafin mu gane wannan al'amari ba, gama mun san gandu. Uba da 'ya'yansa, ko wa da ƙannensa, su kan yi noma gona ɗaya, su zuba rumbu ɗaya, su ci tukunya ɗaya. Kowa kuma yana da gayaunarsa. Mai gida shi ke biyan haraji, shi ke sayen fartanya, shi ke yi wa samari aure. Gandu ƙarfi ne, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma duk wanda ya taɓa zama ƙane cikin gandu ya sani akwai ranar da zuciya ta kan yi zafi. Babban wa ya riƙe mabuɗin rumbu, ya yanke shawara shi kaɗai, in ka yi magana ya ce kai yaro ne.

In ƙane ya ce zai ware, ya yi zunubi ne? A'a. Tarayyar da ba a iya fita daga cikinta bauta ce. Ita kanta dokar ECOWAS ta san haka, ta ce ƙasar da ke son fita ta ba da sanarwa shekara guda. Muritaniya ta bi wannan hanya ta fita a shekara ta 2000 ba tare da faɗa ba, a 2017 kuma ta komo ta ƙulla yarjejeniyar ciniki da ƙungiyar. Saboda haka wanda ke cewa fita kanta laifi ce, bai faɗi daidai ba.

Amma dattawanmu suna da ka'ida a kan rabon gandu. Ba a raba shi tsakiyar damina, sai an yi kaka an ga abin da ke rumbu. Ba a raba shi ranar da a ka yi faɗa. Kuma komai zafin rabuwa, akwai abin da ba a rabawa. Rijiyar gida ta kowa ce. Hanyar da ta ratsa ta gonar wa zuwa gonar ƙane ba a shinge ta. In ƙane ya kwanta ciwo, wa ya kan aiko da fura. An raba gona ke nan, jini yana nan yadda ya ke.

Kowa da rabin gaskiyarsa

Masu goyon bayan fita suna da hujja, kada mu rena ta. Sun ce 'yan bindiga sun yi shekaru suna kashe mutane a ƙasashen nan uku, ƙungiya ba ta aiko da taimakon kirki ba, amma da a ka taɓa kujerar shugaba ɗaya sai ga maganar yaƙi cikin mako guda. Sun ce ƙungiyar ta fi jin maganar Faransa da ta talakawa. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Mutumin da a ka kashe masa wuta a asibiti, ba ka da bakin ce masa ya yi haƙuri.

Masu ƙin fita su ma suna da tasu. Nijar ba ta da bakin teku, tilas kayanta su ratsa ƙasar wani. Da hanyar Kwatano ta toshe, sai manyan motoci su ka koma bin ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa mai hatsari, soja na rakiya. Duk kuɗin wannan zagaye a kan buhun shinkafa ya ke sauka. Sun kuma ce ba a tambayi jama'a da ƙuri'a ba. Gaskiya ne an yi gangami a Yamai ana murna, amma taron fili ba ya ƙidaya waɗanda su ka zauna gida.

Abin da na lura da shi ke nan: na farko yana maganar mutunci, ba ya son a ambaci farashin hatsi. Na biyu yana maganar farashin hatsi, ba ya son a ambaci mutunci. Mutum kuwa yana da ciki, yana kuma da fuska. Wanda ya faɗi rabin gaskiya ya ɓoye rabi don ya ci gardama, shaidar zur ya yi, ko da kowace kalma tasa daidai ce.

Wa ya biya?

Nan ne zuciyar maganar. Waɗanda su ka rufe iyaka a Abuja ba su rasa abincin dare ba. Waɗanda su ka yi shelar fita a Yamai su ma haka. Wanda ya biya shi ne mai albasa da kayansa su ka ruɓe a mota tsakanin Ƙonni da Illela, da mai turin kura a Jibiya wanda ya wayi gari ba kaya, da dillalin shanu a Maigatari, da mace a Maraɗi wadda ta je neman magani ba ta samu ba.

Kada mutumin Gude ya ce wannan nesa ne da shi. Dawa da masarar da mu ke kaiwa kasuwa su kan bi mota zuwa Dawanau, daga can wasu su haura arewa. Wake da dabbobi da dabino da kanwa kuma ta wannan hanya su ke gangarowa. A Oktoba 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa kowace ƙasa in ba Mali da Burkina Faso ba, har da gero da wake. A Maris 2025 ƙasashen nan uku su ka sa sabon haraji, rabi cikin 100, a kan kayan da ke shigo musu daga waje. Kowane ƙulli da a ka yi a bakin iyaka, ƙarshensa a bakin mudu a ke jinsa.

Ku tuna kuma, iyakan nan mai tsawon kilomita wajen 1,500 Ingila da Faransa ne su ka ja ta a takarda, tsakanin 1898 da 1906. Sarautar Maraɗi Katsinawa ne su ka kafa ta bayan jihadi. Har yau sarkin can Sarkin Katsina a ke ce da shi. Shi ya sa da a ka kawo maganar yaƙi a Agusta 2023, Majalisar Dattawan Nijeriya ba ta yarda ba, sarakuna da malamai kuma su ka yi ta zirga-zirga zuwa Yamai neman sulhu. Sun san wanda za a harba ɗan ɗakinsu ne.

Kafin mu nuna yatsa

Yana da sauƙi mu ce mutanen Nijar sun yi butulci. Amma mu tambayi kanmu, wa ya fara toshe hanyar rijiya? A Agusta 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa don hana fasa-ƙwaurin shinkafa, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. A lokacin nan duka muna cikin ƙungiya ɗaya, ba wanda ya fita, ba a yi juyin mulki a Nijar ba. Ba mu tambayi 'yan kasuwar Maraɗi yadda za su yi ba. Babban wa da ke kulle rumbu duk sa'ad da ya ga dama, kada ya yi mamaki ran da ƙane ya ɗauki fartanyarsa.

Wannan bai wanke soja ba. Ƙwace mulki da bindiga ba daidai ba ne, ɗaure mutum ba shari'a kuma zalunci ne, ko wane ne ya yi. Amma horon da ya tsallake mai laifi ya sauka a kan marar lafiya da jariri, shi ma ba adalci ba ne. Laifin wani ba ya mai da namu laifi ya zama lada.

Yadda wasu su ka yi

Mutanen Birtaniya sun yi irin wannan gardama. Ran 23 ga Yuni 2016 su ka jefa ƙuri'a a kan fita daga Tarayyar Turai, 52 cikin 100 su ka ce a fita. Ba su fita ba sai ran 31 ga Janairu 2020, gama kwance abin da a ka daɗe ana ɗaurawa ba aikin rana ɗaya ba ne. Abin da ya fi ba su wuya shi ne iyakar tsibirin Ayalan, inda mutane ke kwana a wannan gefe su yi aiki a wancan. Ɓangaren nan biyu sun yi ta ja-in-ja, amma sun yarda ba za a kafa shinge a wurin ba. Har yau suna muhawara ko fitar ta yi riba, hanyar dai ba a toshe ta ba.

Mu ma an bar mana ƙofa. Ƙasashen nan uku sun ce mutanen ECOWAS su shiga ba da biza ba. ECOWAS kuma, ran da fitar ta tabbata, ta ce a ci gaba da karɓar takardunsu da kayansu har a daidaita. Wannan hikima ce, a yi addu'a ta ɗore.

Masu karatunmu sun san labarin Ibrahim da Lutu cikin Farawa sura 13. Makiyayansu su ka yi ta faɗa a kan makiyaya, sai su ka rabu. Babban ne ya bar wa ƙaramin zaɓi. A sura ta gaba kuma, da a ka kama Lutu a yaƙi, Ibrahim bai ce shi ya jawo wa kansa ba, ya tashi da mutanensa ya ƙwato shi. Nauyin rabuwa mai kyau ya fi zama a wuyan babba.

Namu rabo

Ba mu ne za mu zauna taron shugabanni ba, amma akwai abin da ke hannunmu.

Na fari, bakinmu. In gardaman nan ta tashi, faɗi hujjar abokin gardamarka yadda shi kansa zai yarda ka faɗe ta daidai, kāna ka kawo taka. Kada ka yaɗa labarin da ka gani a waya ba ka tabbatar ba.

Na biyu, mudunmu. In iyaka ta ƙuntata, hatsi ya yi tsada, mai rumbu ya kan ji daɗi. Neman riba halal ne. Amma ɓoye hatsi ana jiran yunwar maƙwabci ta nuna, wannan cin naman ɗan'uwa ne.

Na uku, ƙofarmu. Kowace shekara 'yan ci-rani su kan gangaro daga Maraɗi da Damagaram, su yi ga-ruwa, su yi gadi, su yi ƙodago. Ba su ne su ka yi juyin mulki ba, ba a kuma shawarce su kafin a fita ba. Ka biya shi ladansa cif kamar yadda za ka biya ɗan gari. Kada ka tsorata shi da maganar takarda don ka rage masa kuɗi. In yaranka su ka yi masa ba'a da sunan ƙasarsa, ka tsawata musu.

Ko Nijar za ta komo cikin ƙungiya, ko ba za ta komo ba, wannan shawarar mutanenta ce, suna kuwa da iko su yi ta. Abin da za a tambaye mu shi ne yadda mu ka yi da rijiya bayan an raba gandu. Zumunta a ƙafa ta ke. Bana in baƙon arewa ya yi sallama a ƙofarka, ka fara ba shi ruwa kafin ka tambaye shi ra'ayinsa a kan ECOWAS. Allah ya ba shugabanninmu hikima, ya ba mu damina mai albarka, mu da su. Amin.