Haƙurin Lahadi Ba Ya Kaiwa Laraba

Wata safiyar Laraba muna cikin bas daga Kawo za mu Kasuwar Gumi. A kujerar gabanmu akwai wata dattijuwa ɗaure da zanen Zumuntar Mata. Da aka kai Unguwan Sarki ta miƙa wa kwandasta naira 1,000, ta tsaya jiran canji. Yaron ya harare ta ya ce, "Arniya kawai, da sassafe za ki ɓata mana lokaci." Motar ta yi tsit. Wani tsoho mai carbi a hannu ya ce, "Kai yaro, ka ji tsoron Allah, ta haife ka." Ita kuwa ta ce, "Ɗana, kuɗina na tambaya, ban zage ka ba." Ya ƙirgo canjin ya ba ta yana kallon gefe. Ta ce, "Allah ya ba da sa'a," ta sauka.

Mu da muke Kiristoci a motar nan zuciyarmu ta tafasa, kuma ba ta huce ba har muka isa kasuwa. Ran Lahadin da ta wuce mun rera waƙar ƙauna, mun gaisa da juna da salama. Kwana uku kacal, ga shi muna sassaƙa zagin da ya kamata a ce mun mayar. Ina abin da muka ci ran Lahadi ya tafi?

Matasanmu suna da tambaya mai nauyi, kuma bai kamata a toshe musu baki ba. Sukan ce, har yaushe? Haƙurin nan da ake wa'azi, ba tsoro ne aka yi wa rawani ba? Duk wanda ya san garin nan ya san inda tambayar ta samo tushe. Rikicin shari'a na Fabrairun 2000 da rikicin Nuwamban 2002 sun sa Kogin Kaduna ya zama iyaka. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu sun kwashe kaya sun koma Sabon Tasha, Narayi da Television, Musulmi da yawa kuma sun baro can sun dawo nan. Mu da muka zauna a Malali, Unguwan Rimi da Badarawa ba mu manta da Lahadin 28 ga Oktoba 2012 ba, ranar da aka kai harin bam cocin St. Rita ana tsakiyar sujada. Wanda yake ɗauke da irin wannan tabo, kalma ɗaya takan fama shi.

Sai dai wannan tarihin ne kuma ya koya mana cewa magana zarar bunu ce. Wutar 2002 daga rubutu guda a jarida ta tashi. A garinmu cacar baki a kan canji tana iya zama ta unguwa kafin azahar. Don haka yadda muke amsa baƙar magana ya wuce zancen halin mutum ɗaya. Akwai rayukan 'ya'yanmu da na maƙwabtanmu a ciki.

In za mu faɗi gaskiya, yawancin wulaƙancin da muke sha a rana ba na addini ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kowa a wuya yake. Kwandastan nan ya fito tun asuba, direba na masa tsawa, mai mota na jiran kuɗin yini. Ma'aikaciyar asibitin da ta daka mana tsawa wataƙila ita kaɗai ta kwana a kan ɗaki guda na marasa lafiya. Mai jin haushi yakan ɗauki dutsen da ya fi kusa da hannunsa ya yi jifa: addini, ƙabila, talauci, ko kasancewar mutum mace. Wannan bai wanke shi ba, amma ya nuna cewa ba kullum ne mu ake nufi ba. Mu ma ba mu tsira ba. Mun san abin da muke ce wa almajiri a bakin ƙofa, da 'yar aikin gida in ta fasa kofi, da mai facin taya da muke kira "aboki" da muryar raini, wani lokaci da tufafin sujada a jikinmu.

Akwai labari a Bishara ta Luka, sura 9, da ya yi kama da rayuwarmu. Yesu da almajiransa suna kan hanyar Urushalima, sai mutanen wani ƙauyen Samariyawa suka ƙi saukar da su, don kawai sun ga inda suka dosa. Yakubu da Yohanna suka nemi izinin kiran wuta daga sama ta cinye ƙauyen. Yesu ya juya ya tsawata wa almajiransa, suka wuce wani ƙauye. Rashin karamci ne aka yi musu, su kuma suka so ramawa da halaka. Haka zuciya take: a mare ta da kalma, ta nemi ashana.

Amma haƙurin Almasihu bai zama shirun wanda aka ci da yaƙi ba. A Yohanna sura 18, wani dogari ya mare shi a gaban babban firist. Bai rama ba, bai kuma sunkuyar da kai ba. Ya nemi mutumin ya nuna laifin da ke cikin maganarsa, in kuma babu, ya faɗi dalilin marin. Abin da dattijuwar bas ta yi ke nan. Ta faɗi gaskiya, ta karɓi haƙƙinta, ta kira mai zaginta ɗanta, ta bar shi da kunyarsa. Matsoraci ba ya iya wannan. Wanda ya san darajarsa ba a bakin kwandasta take ba shi yake iyawa.

To daga ina ake samun wannan ƙarfi? Littafin Fitowa, sura 16, ya ba da labarin manna da Isra'ilawa suka ci a jeji. Kowace safiya sukan fita su tattara na yini. Waɗanda suka ɓoye don gobe sun tarar ya yi tsutsa yana wari. Addu'ar da Yesu ya koyar ma abincin yini take roƙo, nan take kuma ta haɗa roƙon gafara da yafe wa waɗanda suka yi mana laifi. Kuskurenmu shi ne muna so mu ci sau ɗaya ran Lahadi ya riƙe mu mako guda, alhali baƙar magana kullum ake dafa ta. Mai yunwa ba ya da haƙuri, ko yunwar ciki ce ko ta ruhu.

Iyayenmu sun san haka. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya ba shekaru masu yawa, gidaje da dama ba a fita sai an karanta 'yan ayoyi an yi addu'a. Yau wayar da ke hannunmu tana ɗauke da littafin, amma da ita muke karya kumallo da zage-zagen Facebook, mu fita titi a ƙoshe da haushi. Minti goma na karatu, da ambaton sunan wanda ya ɓata mana rai jiya a cikin addu'a, ba su da yawa. Da wuya mutum ya roƙa wa wani albarka da safe, ya tsine masa da rana.

Kada kuma a rikita rashin ladabi da zalunci. Wanda aka hana haya ko aiki saboda sunansa, ko aka yi wa barazana, ya je wurin mai unguwa, ya je hukuma, ya ɗaga murya. Yafe zagi daban, barin mugunta ta yi kiwo daban.

Kada mu ɗauka kuma abin yana zuwa dare ɗaya. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. A 1995 suka fara zama tare a garin nan, Wuye kuma ya sha faɗa cewa an ɗauki shekaru kafin zuciyarsa ta huce. In mai hannun roba ya iya, canjin bas bai fi ƙarfinmu ba.

Mun kuma tuna cewa wanda ya fara tsaya wa dattijuwar nan tsoho ne mai carbi. Mu da muke addini ɗaya da ita muna can muna cika muna batsewa, ba mu ce uffan ba. Gobe da safe motar Kawo tana nan, kwandastan ma yana nan. Kafin mu ɗauki jaka, mu fara karyawa.