Tarihin wa za a karantar a jami'a?

Duk wanda ya ƙetara gadar Kennedy zuwa Harobanda, inda Jami'ar Abdou Moumouni take, ya taka wurin da aka harbi ɗalibai ranar 9 ga Fabrairu 1990. Uku suka rasu. Shekarar da ta biyo aka buɗe Taron Ƙasa, kuma wanda ya jagorance shi, André Salifou, masanin tarihi ne. Jami'a dai ta zubar da jini saboda dimokuraɗiyya. Abin tambaya shi ne ko ta iya koyar da ita a cikin aji.

A ganina, haddar tsarin mulki ba ta mai da yaro ɗan ƙasa. Abin da ke yin haka shi ne ya saba da jin labarin da bai yi masa daɗi ba, ya auna hujja, ya ba da amsa ba tare da zagi ba. Darasin tarihi kuwa nan ne fagen wannan horo.

Sarauniya Mangu ta Lugu da Kaocen na Ayar ba su da wuyar karantarwa, domin abokin gābarsu baƙo ne, kowa na iya tafa musu. Wuyar tana ga Sawaba. Djibo Bakary ya ce a'a a ƙuri'ar raba-gardama ta 1958, an haramta jam'iyyarsa a 1959, magoya bayanta sun ɗauki makamai a 1964, gwamnatin Diori Hamani ta murƙushe su. Yau jikan wanda aka ɗaure da jikan wanda ya ɗaure shi suna zaune kan benci guda a Maradi ko Damagaram ko Tawa.

Wasu dattawa na cewa a bar kaza cikin gashinta, kada a fama tsohon gyambo. Ban raina maganarsu ba, don zaman lafiya ba abin wasa ba ne. Sai dai shirun makaranta ba ya hana a ba da labarin a tsakar gida, kuma can kowane gida nasa rabin kaɗai yake faɗa. Malami ne ke iya ajiye rabin biyu a gaban ɗalibi, har da laifin kowane ɓangare, don ƴan Sawaba ma ba mala'iku ba ne: a 1965 an jefa wa Diori gurneti a filin Idi.

Waɗanda suka ga wannan zamani da idonsu sun haura tamanin. Ɗalibin da ba a aika ya zauna gabansu bana ba, baɗi ƙila kabari zai tarar.