LAIFIN MUDU KO NA MAI AWO?

Duk wanda ya saba cefane a kasuwar hatsi ya san cewa zalunci a wurin awo iri biyu ne. Akwai mai awon da ke sa yatsa ya rage tozon mudu da gangan. Akwai kuma yaron da ubangidansa ya bar wa rumfa, yana awo tsakani da Allah, yana cika mudu har ya yi tozo, amma mudun nan an riga an buga masa gindi tun kafin ya zo hannunsa. Na farko kowa ya san sunansa. Na biyun shi ne abin tattaunawarmu a wannan fitowa, domin irinsa ne ya game duniya a yau, sai dai ba gero yake aunawa ba, labari da ilmi da mutuncin mutane yake aunawa.

Mudun da muke nufi shi ne abin da masana kwamfuta ke kira algoridim, watau jerin ƙa'idojin lissafi da na'ura ke bi ta yanke abin da za ta nuna da wanda za ta tura baya. Kalmar ma daga sunan Alkawarizmi ta samo asali, masanin lissafin nan da ya yi zamani a Bagadaza a ƙarni na 9. In mutum ya rubuta tambaya a injin bincike na Google, shafuka dubbai ne ke da amsa, amma kaɗan ne za su fito a sama, kuma yawancinmu ba ma leƙa shafi na biyu. Larry Page da Sergey Brin, waɗanda suka kafa kamfanin a 1998, sun fara ne da wata dabara mai sauƙin fahimta: shafin da wasu shafuka da yawa ke nuni zuwa gare shi, shi ne mai daraja. Watau na'ura tana ƙirga ƙuri'un jama'a ne. To, in jama'ar na da son zuciya fa?

Wata farfesa a Jami'ar Harvard ta Amurka, Latanya Sweeney, ta ga amsar da idonta. An rubuta sunanta a injin bincike, sai ga wata talla a gefe tana tambaya ko an taɓa kama mai wannan suna, alhali ba a taɓa kama ta ba. Da yake ita masaniya ce, ba ta tsaya ga fushi ba. Ta tattara sunaye sama da 2,000, wasu irin waɗanda baƙaƙen fatar Amurka suka fi raɗa wa 'ya'yansu, kamar DeShawn da Jermaine, wasu irin na Turawa, kamar Geoffrey da Emma, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana rubuta tallar da ta fito. A sakamakon da ta buga a 2013, ta nuna cewa a ɗaya daga cikin shafukan da ta gwada, sunan baƙar fata ya fi na Bature yiwuwar jawo tallar kamu da kashi 25 cikin 100. Mai karatu ya ɗan tsaya ya yi tunanin mai neman aiki, wanda mai ɗaukar ma'aikata ya rubuta sunansa don ya san ko wane ne. Bai yi sata ba, ba a kai shi kotu ba, amma an riga an ɗarsa shakka a zuciyar mutumin da zai yanke masa hukunci, shi kuwa ba zai taɓa sanin dalilin da ya sa ba a kira shi ba.

Abin da ya fi jan hankali shi ne ɗaya daga cikin dalilan da ita farfesar ta kawo. Mai yiwuwa ne mai talla ya ba da lafazi iri-iri ga kowane suna ba tare da bambanci ba, sai na'ura ta lura da wanda mutane suka fi latsawa ta riƙa fifita shi. In masu bincike sun fi latsa tallar kamu idan sunan na baƙi ne, na'ura za ta koya, ta kuma ƙara nuna ta. Ba wanda ya zauna ya rubuta umarnin wariya, amma ga wariya ta tabbata.

Safiya Umoja Noble ta tarar da abin da ya fi wannan muni. A wajajen 2011, in aka nemi "'yan mata baƙar fata" da Ingilishi, shafukan batsa ne ke cika sahun farko. Wannan ne ya zama tushen littafinta Algorithms of Oppression na 2018. A 2015 kuma manhajar adana hotuna ta Google ta laƙaba wa hoton wasu baƙaƙen fata sunan goggon biri.

Uzurin da aka fi bayarwa shi ne wai na'ura madubi ce kawai, abin da ke cikin al'umma take nunawa, kuma wanda ya ga muni a madubi ba ya fasa madubin. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, bai kamata mu yi gaggawar watsar da shi ba. Amma madubi ba ya zaɓe. Ba ya ɗauko tabon da ke ƙeya ya kawo shi tsakiyar goshi, ba ya kuma karɓar kuɗin talla. Abin da ke jera abubuwa, ya ce wannan ne na ɗaya wancan na ɗari, aikin edita yake yi, mu kuwa marubuta mun san nauyin edita. Wanda ya zaɓi labarin da zai hau bangon mujalla ba zai ce shi ba ruwansa ba don ba shi ya rubuta ba.

Ga hujja ma daga cikin gida. Takardun sirrin da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar a 2021 sun nuna cewa daga 2017 kamfanin ya ba alamomin nuna motsin rai, har da alamar fushi, nauyin da ya ninka na alamar "so" sau 5 wajen lissafin abin da zai yaɗu. Daga baya ma'aikatansa suka gano cewa rubutun da ke tara alamar fushi ya fi yiwuwar ƙunsar ƙarya da cin zarafi, aka yi ta rage nauyin har aka mai da shi sifili a 2020. Wannan lamba 5 ba daga sama ta faɗo ba. Mutane ne suka zauna suka zaɓe ta, mutane ne kuma suka soke ta.

Saura maganar niyya, wadda ita ce ƙashin bayan muhawarar. Za a ce injiniyan bai nufi kowa da sharri ba, mu ma mun yarda. Amma a ƙauyukanmu, in shanu suka shiga gona suka yi ɓarna, ba a tambayar ko makiyayi ya yi niyya kafin a kimanta asara. Niyya tana bambanta mugu da mai sakaci, ba ta mayar wa manomi da dawarsa. Kuma akwai lokacin da rashin niyya ke daina zama mafaka, watau ranar da aka nuna wa mai rumfa cewa mudunsa a lotse yake. Daga wannan rana, duk awon da ya yi da shi ya koma irin na farko. Saboda haka a ganinmu ba a auna adalcin waɗannan kamfanoni da tsarkin zuciyar ma'aikatansu, abin da ba wanda zai iya gani. Ana auna shi da abu biyu da ido ke gani: ko suna barin na waje ya gwada mudun, da kuma abin da suke yi in an nuna musu lotsawar.

Mu malaman makaranta mun san wannan tun da daɗewa. Ba don ana zargin malami da mugunta ake kai takardun jarrabawar ƙarshe wurin masu dubawa na waje ba. Don an san ne cewa hannun da ya saba da ɗalibi yana iya karkata ba da sanin mai shi ba.

An taɓa yin abin kirki a wannan fage. A 2020 masu amfani da Twitter suka lura cewa in aka sa dogon hoto mai fuska biyu, na'urar da ke datse hoto ta fi barin farar fuska a fili. Wani ya gwada da hoton Barack Obama da na Sanata Mitch McConnell. Kamfanin ya yi nasa binciken, ya buga sakamakon a 2021, ya amsa cewa akwai fifiko, ya daina datse hotunan da kansa, har ya sa gasa da lada ga duk wanda ya gano wani aibin. Ɗalibin da ya ci gasar ya nuna cewa na'urar ta fi son fuska mai haske, siririya, mai ƙuruciya. Google kuwa, a kan batun goggon biri, sai ya cire kalmar gaba ɗaya daga manhajar, kuma da mujallar Wired ta gwada a 2018 ta tarar ko hoton birin gaske ba ta kiransa da sunansa. Wannan ba gyaran mudu ba ne, ɓoye shi ne a ƙarƙashin buhu.

Ba mu ce gyaran na da sauƙi ba. In kamfani ya sa hannu yana daidaita sakamako, wa zai daidaita shi? Mai ikon ture batsa daga sahun farko yana da ikon ture ra'ayin da bai yi masa daɗi ba. Amma wannan tsoro ba ya wanke kowa, sai ma ƙara ƙarfafa buƙatar ido na waje da yake yi. Tarayyar Turai ta gane haka, ta sa a dokarta ta 2022 a kan harkokin intanet cewa dole manyan kafofi su buɗe bayanansu ga masu bincike da aka tantance. Sai dai a daidai wannan zamani Twitter, wanda ya koma X, ya toshe hanyar kyauta da masana ke bi su ɗebi bayanai a 2023, Meta kuma ya rufe CrowdTangle, manhajar da 'yan jarida ke bin sawun abin da ke yaɗuwa, a 2024.

Mu masu rubutu da Hausa, namu karkacewar ta wani fanni ce. Sweeney ta iya gano tata matsalar ne don na'urar ta san Ingilishi. Na'urar da ke tace kalaman ƙiyayya daga misalai take koyo, harshen da misalansa suka yi kaɗan kuwa sai ta kasa bambance zagi da wasan tobashi a cikinsa, balle habaici. Bayan rikicin Filato na watan Yuni 2018, wani binciken BBC ya nuna yadda hotunan gawawwaki, wasu ma ba a Nijeriya aka ɗauke su ba, suka yaɗu a Facebook suka rura wutar ramuwa, ya kuma ruwaito cewa a lokacin masu tantance labari na cikakken lokaci da abokan hulɗar kamfanin suka ware wa ƙasar nan su 4 ne, ba kuma mai jin Hausa a cikinsu.

Ko a fassara abin yana nan. Ingilishi kalma ɗaya yake da ita ga wanda ake yi wa magana, mu kuwa muna da kai da ke. Duk sa'ad da na'ura za ta juya jimlar da ke ce wa mutum shi likita ne, tilas ta zaɓa tsakanin "kai likita ne" da "ke likita ce", kuma daga rubutun da ta karanta za ta zaɓa. A 2022 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero suka fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter na Hausa da Ibo da Yarbanci da Burokan, kimanin 30,000 a kowane harshe, waɗanda mutane masu jin harshen suka zauna suka tantance ɗaya bayan ɗaya, wannan yabo ne, wannan suka ce, wannan ba ko ɗaya. Shekara guda bayan haka aka sa wa ƙofar da suka bi suka ɗebo saƙonnin kuɗin shiga.