Jirgin Theseus a Cikin Amfilifayar Gita

A 1963 kamfanin Fender na Amurka ya fitar da Vibroverb, amfilifayarsa ta farko mai amsa-kuwwa a ciki. Sauti na bi ta siraran sifirin cikin wani tankin ƙarfe, ya yi ta kai da komo, ya fito da amo.

In amon ya ɗauke, mai gyara yakan fara ƙwanƙwasa tankin. Idan lasifika ta yi tsawa, ɓangaren fita lafiya lau. Sai a duba bawul, ƙaramar taransifoma da wayoyin da suka yi tsatsa. Wani lokaci tankin ne ya mutu, dole a sa sabo.

Nan gardama ke tashi.

Plutarch ya ba da labarin jirgin ruwan Theseus, wanda mutanen Atina suka riƙa sauya wa katako har masana falsafa suka rabu biyu: shi ne har yanzu, ko wani ne daban? Haka ma batun amfilifaya: masu tara tsofaffin kaya asalin ƙarfen suke bi, farashi ma yakan faɗi in an canza. Makaɗi kuwa kunnensa yake bi, kuma hujjarsa ta fi ƙarfi, domin Fender da kansa a soket ya ɗora bawul, don a riƙa cirewa idan ya gaji.