Ku Hau Tsaunin, Ku Ga Aikin Hannunku

Tsaunukan ƙasar Gwandu da Kalgo ba su da tsini. Kansu a shafe yake, gefensu ya zaizaye, wani wuri ja wani wuri fari, kuma da yake kullum ana wucewa ta gindinsu a kan babur ko amalanke, ido ya saba har ya daina ganinsu. Ni kuwa roƙona ga manomi da maƙeri da magini da mai tura baro shi ne, kowa ya ware safiya guda ya hau ɗayansu har ƙoli, domin akwai abin da mai cin guminsa zai gani a can wanda ba a hango shi daga rumfar kasuwa.

Hawan yana da ɗan wuya, kada in ruɗe ku. Daga ƙasa yashi ne, ƙafa tana nutsewa. Sai a kai ga farin yumɓu mai marmashewa, wanda ruwan damina ya tsattsaga. Dab da ƙoli tsakuwa ce baƙi-baƙi mai ratsin ja, tana zamewa a ƙarƙashin takalmi, dole mutum ya dafa da hannu, cinya tana zafi, numfashi yana fita sama-sama. In ka isa, ɗauki dutse guda ka jinjina shi. Za ka ji nauyinsa ya fi girmansa, don akwai ƙarfe a cikinsa. Wannan ɓawon mai tauri shi ya tsare tsaunin shekaru aru-aru, ruwa ya cinye ƙasar da ke kewaye ya bar shi a tsaye. Masana ilmin ƙasa ma sunan Gwandu suka laƙaba wa wannan shimfiɗa ta yashi da yumɓu, kuma a cikin yashinta ruwan da rijiyoyin burtsatse da yawa na yankinmu ke zuƙowa yake kwance.

Neman irin wannan dutse, wato tama, shi ya tara mutane a gindin Dala tun Kano ba ta zama Kano ba. Tarihin baka ya ce maƙera ne, Abagayawa, suka taso daga Gaya suna bin tama har suka yada zango a wurin. Masu tonon kayan tarihi sun samu alamun narka ƙarfe a kusa da dutsen da suka kai ƙarni na 7, ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Bagauda a wajajen 999. Ke nan birnin da yau ake yi wa kirari da tumbin giwa, daga ɗan ƙauyen mahaƙa ya faro. Yanzu an yi wa Dala matakala, yara ma suna hawa da gudu, amma wanda ya tsaya a kansa ya dubi Kurmi da Goron Dutse da rufin gidaje iyakar ganinsa, to yana kallon abin da ya tsiro daga ramin mai haƙa ne.

Kuma aikin ba ƙarami ba ne. A haƙo tama, a farfasa ta, a sare ƙirya a toya gawayi, a gina murhu na yumɓu, a jera gawayi da tama bi da bi, sannan a kwana ana kula da wuta, hayaƙi a ido, ba wanda ya isa ya runtsa. Bayan duk wannan wahala abin da za a ciro dunƙule ne mai datti, sai an sake kai shi maƙera an yi ta dukansa da masaba kafin ya zama kalme ko gatari ko lauje. Shigowar ƙarfen Turawa ta kashe narka tama, gaskiya ne. Amma ba ta kashe hannun ba. Je ka maƙera ranar kasuwa ka ga yaro yana zuga, ubangidansa ya kama guntun sifirin mota da awartaki, ya mayar da shi garmar da za ta yi noman bana. Duk lokacin da na ga haka raina yana yin fari.

Mu ma a nan muna da namu shaidun. Ganuwar duwatsu ta Surame, birnin Muhammadu Kanta na ƙarni na 16, har yau ragowarta tana nan. Gwandu kuwa, inda Shehu Usmanu da jama'arsa suka sauka a 1805, inda hubbaren Malam Abdullahi yake, sai da aka kewaye ta da ganuwa bayan tsananin da ya biyo yaƙin Alwasa. Littattafai sun adana sunayen shugabanni, kuma sun cancanta. Amma kowane dutse na Surame, wani ne ya yi gammo ya ɗauko shi a ka. Jikokin waɗannan mutane ku ne.

To, daga kan tsauni sai ka juya ka dubi fadama. Shinkafar rani kore shar, ƙarar injin ban-ruwa tana tasowa, ga fagagen albasa, ga raƙuma da kaya, ga gine-ginen jami'ar tarayya a hanyar Bunza waɗanda birkiloli da leburori suka ɗora bulo bisa bulo. Babu ko taku ɗaya a wannan fili da ya gyaru da kansa. Na san taki ya yi tsada, man injin ya fi ƙarfin aljihu, ɗan baranda yana cin ribar da ba shi ya sha ranarta ba. Na kuma san abin da ambaliyar 2020 ta yi wa gonakin shinkafar Kebbi. Amma ruwa yana janyewa kuka koma kuka yafa iri, kuna cewa Allah ya maida alheri. Wanda ya iya wannan, kada ya bari wani mai farar riga ya sa shi sunkuyar da kai don tafinsa ya yi kanta.

Matasanmu da ke tafiya haƙar zinariya wajen Yawuri da Zamfara, ku ma magadan tsohuwar sana'a ne, ba abin kunya kuke yi ba. Sai dai ku tsare ranku da na iyalinku. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana daka dutsen ana niƙa shi a cikin gida. Ku bar dutse a bakin rami, ku wanke jiki ku sauya tufa kafin ku ɗauki ɗa, kada kowa ya shiga rami ba wanda ke tsaye a sama.

Ku kuma iyayen gida, masu maƙera da garejin gyara da shagon walda, ranar da za ku hau, ku tafi da yaran da ke koyon aiki a hannunku. Ku fita bayan sallar asuba tun rana ba ta yi zafi ba, da gorar ruwa da takalmi mai kama ƙasa, babba ya miƙa wa ƙarami hannu a wurin zamiya. In an sauko an koma bakin aiki, ku buɗe musu sirrin sana'ar gaba ɗaya, har yadda ake gane ƙarfe ya nuna da yadda ake yanka farashi, ku yaye su da kayan aiki a hannu.